Lissafi: Yawan Mutanen Magariya

A watan Disamba na shekarar 2012 aka yi ƙidayar jama'a a ƙasar Nijar. A gundumar Magariya, cikin jihar Damagaram, an ƙidaya mutum 577 743.

1. Karatun lamba

Babbar lamba ba ta karantuwa a dunƙule. Ana raba alƙalumanta uku-uku, a fara daga dama: 577 da 743. Rukunin hagu na dubbai ne. Ga karatunta: dubu ɗari biyar da saba'in da bakwai, da ɗari bakwai da arba'in da uku.

Akwai 7 har sau uku cikin lambar, amma darajarsu ba ɗaya ba ce. Na farko 70 000 ne, na biyu 7 000, na uku 700. Mazaunin alƙalami shi ke ba shi daraja.

2. Cika ko mara

In an jera ƴaƴan gujiya biyu-biyu, ba abin da ya saura, yawansu cika ne. In ɗaya ya saura, mara ne. Alƙalamin ƙarshe shi ke nunawa. Cika tana ƙarewa da 0, 2, 4, 6 ko 8. Lambar Magariya ta ƙare da 3, saboda haka mara ce.

Ba ta rabuwa da 5 kuma, don ba ta ƙare da 0 ko 5 ba.

3. Rabawa da 3

Nan sai an tara alƙaluman duka: 5 + 7 + 7 + 7 + 4 + 3 = 33. Tun da 33 tana rabuwa da 3, babbar lambar ma tana rabuwa: 577 743 = 3 × 192 581.

Mene ne dalili? In an raba 10, ko 100, ko 1 000 da 3, kullum 1 ke saura. Ke nan ɗari bakwai suna barin 7, goma huɗu suna barin 4. Ragowar nan ce ake tarawa a duba.

Waɗansu lambobi, kamar 7 da 13 da 101, ba su rabuwa sai da 1 da su kansu. Lambar Magariya ba ta cikinsu.

4. Magariya da Dungas

Dā Dungas tana cikin gundumar Magariya. A shekarar 2011 ta zama gunduma mai zaman kanta. Ƙidayar 2012 ta same ta da mutum 353 867. Ita ma mara ce. In an haɗa su: 577 743 + 353 867 = 931 610. Jimlar cika ce, don saura ɗaya da saura ɗaya sun haɗu sun yi biyu.

Aiki

a) A rubuta 353 867 da baƙaƙe.
b) 353 867 tana rabuwa da 3? A ba da dalili.
c) 931 610 tana rabuwa da 5? Da 10 fa?
d) A shekarar 2012 mutanen Nijar duka 17 138 707 ne. Cika ce ko mara?