Makulli ya ƙi murɗuwa, sitiyari ya ƙage

Tambaya: Ina da Toyota Corolla 'yar Kwatano. Kwanan nan in na sa makulli sai ya ƙi murɗuwa, sitiyarin ma ya ƙage. Wani lokaci ya buɗe da kansa, wani lokaci sai na yi ta fama. Bakanikena ya ce a canza gidan makullin gaba ɗaya. Mene ne shawararku? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Kada ka yi saurin fitar da kuɗi tukuna, domin ƙagewar sitiyari ita kanta ba lalacewa ba ce. Da gangan aka ƙera ta saboda ɓarayi. Da zarar ka zare makulli, wani ɗan ƙarfe yakan fito ya shige gurbi a jikin sandar sitiyarin ya tokare ta. In ka ajiye motar taya na dafe da dakalin bakin titi, ko a kan gangara, ko ka riƙe sitiyarin ka yunƙura wajen fita, nauyin duk a kan ɗan ƙarfen nan yake sauka. Ya matsu ke nan, makulli kuwa ba shi da ƙarfin janye shi.

Ga abin yi. Ka taɓa sitiyarin hagu da dama. Gefe ɗaya za ka ji shi kamar dutse, ɗayan kuwa yana ɗan motsi. Ka ja shi zuwa gefen da ke motsin, ka riƙe a nan, sannan ka murɗa makullin a hankali da ɗaya hannun. Sau da yawa nan take za ka ji ƙas, ya saki. In motar mai giyar otomatik ce, ka tabbata giyar ta zauna daram a kan P, ka taka burki. Filaya kam kada ta zo kusa. Makullin da ya karye a ciki ya fi wanda ya ƙi murɗuwa tsadar gyara.

To, in sitiyarin a sake yake amma makulli na gardama, zargi ya koma kan makullin. Ka kwantar da shi a kan tebur ka duba ko ya lanƙwashe, ka dubi haƙoransa ko sun siɗe. Gwada na ajiya. In shi ya buɗe lafiya, ka gano mai laifi. Sai dai in za a yanka maka sabo, a kwafa daga na ajiyar, don wanda aka yanka daga cinyayyen makulli da cinyewarsa yake zuwa. Ka kuma tuna motoci da yawa na da ɗan cif a kan makullin, wanda in ba a haɗa shi da kwamfutar motar ba, makulli zai murɗu amma inji ba zai tashi ba.

A cikin gidan makullin akwai 'yan siraran faranti na tagulla da haƙoran ke jerawa. Ƙurar hunturu na cushe su, tarin makullan gida da na shago da muke ratayawa tare da na mota kuma na cinye su a kan gargada. A hura iska a ramin, a sa garin girafait, ko a goga bakin fensir a jikin makullin a shigar a fitar. Baƙin mai da giris, waɗanda wasu ke ɗurawa da kyakkyawar niyya, ƙura suke kamawa su zama taɓo.

In duk wannan bai yi ba, bakanikenka ya yi gaskiya. Amma ka fara kai wa mai gyaran makullin mota, don yakan iya sauya farantan kawai, ka ci gaba da buɗe ƙofa da tada mota da makulli ɗaya. Ka je tun yana murɗuwa, domin a yawancin motoci sai an murɗa shi zuwa ACC kafin a iya zare gidan ba tare da an huda shi ba.