DARASI: HAƘƘIN ƊALIBAI MAKAFI A JARRABAWA DA MATSALAR RIƘE SAKAMAKO



Ya ke 'yar'uwa, darasinmu na wannan fitowa ya shafi ɗalibai makafi ne, maza da mata, da abin da kan same su lokacin jarrabawa da bayanta. Wataƙila ki ce ai ba ki da makaho a gida. To, amma kina da maƙwabta, ko ke malama ce, ko kina cikin kwamitin iyaye da malamai. Ki tuna Suratu Abasa ta sauka ne game da Abdullahi bin Ummi Maktum (R.A.), makahon da ya zo neman ilimi. Ke nan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Ki ɗauki misalin yarinya makauniya da ta yi shekara shida a firamare, shida a sakandare. Ranar da sakamako ya fito ƙawayenta duk suka ga nasu, ita kuwa aka ce an riƙe nata. Jami'a na neman kiredit biyar, ciki har da Turanci da Lissafi, sakamakon JAMB kuma na shekara ɗaya ne kawai. In aka rufe ɗaukar ɗalibai ba a saki nata ba, shekara ta tafi. A nan ne za ki ji dangi sun fara cewa, "Da ma mun faɗa, me makauniya za ta yi da boko?"

YADDA MAKAHO KE RUBUTU

Kafin ki nema wa mutum haƙƙi, ya kamata ki san yadda yake aikinsa. Louis Braille, mutumin Faransa da ya makance yana yaro, shi ya ƙirƙiro rubutun makafi a 1824, shi ya sa ake kiransa birel. Kowane harafi ana haɗa shi ne daga ɗige-ɗige shida masu tudu, ana shafawa da yatsa. Mai amfani da allo da tsinke yana huda takarda daga dama zuwa hagu, kamar ajami, sannan ya juya ta ya karanta daga hagu zuwa dama. Akwai kuma na'urar Perkins mai maɓallan ɗige shida, wadda ta fi sauri amma tana da tsada.

Kin ga mai ido yana iya leƙa shafi gaba ɗaya ya zaɓi tambayar da zai fara da ita. Yatsa kuwa sai ya bi harafi bayan harafi. Shafi ɗaya na bugu kan zama biyu ko uku a birel. Saboda haka ƙarin lokaci ba alfarma ba ce, daidaita ma'auni ne.

MENE NE ADALCI A ƊAKIN JARRABAWA?

Adalci ba shi ne a sauƙaƙa wa makaho tambaya ko a ƙara masa maki don tausayi ba. Wannan ma raini ne. Abin da ake nema shi ne:

1. Takardar tambayoyi ta iso da birel, ko da manyan haruffa ga mai raunin gani, a ranar da ta sauran ta iso.

2. A ba shi ƙarin lokacin da ƙa'ida ta tanada, kada mai sa ido ya yanke don yana sauri.

3. Tambayar da ta dogara da hoto, taswira ko zane, a kawo ta yadda za a shafa, ko a musanya ta da wata daidai da ita a nauyi.

4. In za a karanta masa, mai karantawa ya iya furta kalmomin darasin, ya maimaita in an nema, kada ya rage, kada ya ƙara.

5. A ba shi wuri mara hayaniya, don ƙarar na'urarsa kada ta dami wasu, surutun wasu kada ya hana shi ji.

ME DOKA TA CE?

Karatun makafi na boko ya daɗe a Nijeriya: tun 1953 aka buɗe makarantar makafi ta Gindiri, a jihar Filato ta yanzu. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta ba su haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba, kyauta har sakandare. Wanda ya nuna bambanci, tararsa naira 100,000 ce ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, hukuma ko kamfani kuma naira miliyan 1. A 2020 aka kafa hukumar kula da naƙasassu ta ƙasa. Ita ma JAMB, a 2017 ta kafa wani kwamiti ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola domin shirya wa makafi jarrabawarsu a cibiyoyi na musamman. To 'yar'uwa, in kin je ofis ba roƙo kika je ba.

ME KE SA SAKAMAKO YA MAƘALE?

A nan sai ki bambance abu biyu. Akwai sakamakon da aka riƙe saboda zargin maguɗi, ana bincike, daga ƙarshe a sake shi ko a soke shi. Akwai kuma wanda ba a kammala aikinsa ba, ba tare da wani zargi ba. Maganinsu ba ɗaya ba ne.

Takardar makaho tana bin hannaye da yawa. Yawancin masu duba jarrabawa ba su karanta birel, dole sai wani ya mayar da amsoshin zuwa rubutun masu ido. A wannan kai-kawo lamba kan rikice, shafi kan ɓace. Wani lokaci tun wajen rajista makaranta ba ta nuna cewa ɗalibin makaho ne ba. Wani lokaci kuma cibiya gaba ɗaya ake zargi, sai laifin wasu ya shafi yarinyar da ko takardar na kusa da ita ba ta iya leƙawa.

ABIN DA ZA KI YI

Kafin jarrabawa, ki je da kanki ki tabbata an rubuta larurar ɗalibar a rajista, da irin takardar da take buƙata. Ki ajiye kwafin rasit, katin jarrabawa da takardar likita. A koya mata sa lambarta a kowane shafi, ta kuma ƙirga shafukanta a gaban mai sa ido.

In sakamako bai fito ba, kada ki zauna kina cewa haƙuri. Ɗalibin makaranta ta hannun shugaban makarantarsa kokensa ke bi zuwa WAEC ko NECO. Ki rubuta, ki sa kwanan wata, lamba da darasin da abin ya shafa, a buga miki hatimi a kwafinki. Ki tambaya a fili: zargi ne ko aiki ne bai ƙare ba? In shiru ya yi yawa, ki nemi ƙungiyar makafi ta jiharku da hukumar naƙasassu. Kada ki ba kowa ko kwabo don ya "fito" da sakamako. Ita kuma yarinyar ki tafi da ita, ta yi magana da bakinta, domin idonta ne ba ya gani, hankalinta lafiya lau.

TAMBAYOYIN NAZARI A ZAMAN RESHE

1. Ɗalibai makafi nawa ne a unguwarku za su zana jarrabawa bana, kuma wa ya duba rajistarsu?

2. Mene ne bambancin tausayi da adalci a wannan darasi?

3. Wace ce a cikinku za ta ɗauki nauyin koyon birel?

Allah Ya ba mu ikon tsayawa kan gaskiya, Ya sa wa karatun 'ya'yanmu albarka. Amin.