Yadda Ake Binciken Ruwan Da Ke Raguwa A Cikin Inji

A ƙasar Yauri, tun daga Shanga a arewa, a bi ta Yelwa, har a gangara Wara ta Ngaski a gaɓar tafkin da madatsar Kainji ta tara tun 1968, da wuya a sami garin da ba a jin ƙugin inji a cikinsa, ko na casar shinkafa, ko na niƙa, ko janareta, ko kuwa na motocin da ke jigilar albasa da kifi zuwa Kontagora da Jega. Galibin manyansu kuwa da ruwa ake sanyaya su. Idan bazara ta kama, zafi ya haura digiri 40, sai kuka ya yawaita cewa inji yana shan ruwa, kowa ya ɗauki jarka yana ƙari safe da yamma. Alhali ƙari ba magani ba ne, domin ruwa ba ya fita sai ta ɗayan ƙofofi uku: ko ya tashi tururi, ko ya yi yoyo waje, ko ya kutsa cikin injin kansa. Aikin mai hankali shi ne ya tabbatar da ƙofar kafin ya yanke hukunci.

Sharaɗi na farko shi ne awo, domin zato ba ya zama hujja. Da sassafe, inji yana sanyi a wuri mai daidaito, sai a cika ruwa zuwa haddinsa, a yi alama da fenti ko ƙusa, sannan a riƙa dubawa kowace safiya a wannan lokaci har mako guda, ana rubuta abin da ya ragu da yawan sa'o'in da inji ya yi aiki. Dalilin zaɓen safiya shi ne ruwa yana kumbura da zafi, yana komawa da sanyi, saboda haka wanda ya auna da rana ya sake aunawa da asuba zai ga ragin da babu shi. Haramun ne kuma a sana'a a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi, don tafasasshen ruwa kan yi tsiri ya ƙona fuska da hannu.

Na biyu, a san jinsin injin. Wanda yake da tukunyar ruwa buɗe a kansa, ko wanda aka haɗa da durom ta tiyo biyu, ruwan zafi yana hawa ta na sama, mai sanyi yana dawowa ta na ƙasa, kamar yadda aka saba gani a gidajen niƙa, raguwar ruwa ɗabi'arsa ce, domin ta tururi yake fitar da wani kaso na zafinsa. Abin lura kawai shi ne kada ruwan durom ya sauka ƙasa da bakin tiyon sama, don da zarar ya sauka zagayawar ta tsaya, inji ya shiga haɗari ko da ruwan durom bai ragu zuwa rabi ba. Injin jirgin ruwa na bayan kwalekwale kuwa ba ya cikin wannan mas'ala, tun da daga tafki yake zuƙa yana mayarwa. Amma mai lagireto da murfi a rufe yake, ragi kaɗan a cikin watanni shi ne iyakar abin da aka yarda masa.

Na uku, a tambayi kai ko kwanan nan aka juye ruwan aka sake sabo. In haka ne, mai yiwuwa iska ce ta maƙale a lunguna, tana fitowa sannu a hankali ruwa yana maye gurbinta, irin wannan ragi kuwa yakan tsaya da kansa bayan 'yan kwanaki. In bai tsaya ba, sai a shiga neman yoyo: a wanke inji, a bar shi ya bushe, a shimfiɗa kwali a ƙarƙashinsa ya kwana, sannan a bi bakin kowane tiyo da yatsa, a duba kilif ɗinsa, da gindin famfon ruwa, da saƙar lagireto. Wani yoyon ba ya ɗiga ƙasa ko kaɗan, domin zafin ƙarfe yana busar da shi tun kafin ya taru, sai dai ya bar shaida, wato fari-fari ko tsatsa a inda ya bi. Kada a manta da murfi, wanda yake da araha amma yakan yi laifi: aikinsa ya danne ruwa har ya jure zafin da ya kai kusan digiri 120 bai tafasa ba, maimakon 100, in kuwa robarsa ta tsage, ruwa zai riƙa sulalewa tururi ba mai gani.

Na huɗu, idan waje ya kuɓuta daga tuhuma, sai a koma ciki, nan ne kuwa musiba ta fi girma. A zaro ma'aunin baƙin mai. In an ga ya yi fari ya yi kauri, ruwa ya gauraya da shi. A dubi salansa. In farin hayaƙi bai yanke ba bayan inji ya ɗumama, mai yiwuwa ruwa yana shiga inda mai yake ƙonewa. A buɗe murfi tun inji yana sanyi, a tayar da shi. In kumfa tana ta tasowa ba fasawa, iskar ƙuna ce take shigowa. Ɗaya daga cikin alamomin nan ta isa a kashe inji a kira bakanike, domin mafi yawanci gasket ɗin kan inji ne ya ƙone, ko kan ya tsage, jinkiri kuwa yakan mai da gyaran yini guda ya zama sayen sabon inji. Liƙa sabulu a lagireto mai yoyo kuwa, kamar yadda direbobi ke yi a hanya, larura ce da za ta kai mutum gari, ba gyara ba.

Na biyar, bayan gyara a kula da ruwan da za a zuba. Ruwan tafki da damina cike yake da laka, sai wajen Disamba, idan ambaliyar da ta taso daga tsaunukan Gini ta iso bayan ta zubar da lakarta a fadamun Mali, sannan yake yin garau; ruwan rijiya kuma yakan bar ɓawo mai toshe ƙananan hanyoyi. Mafi inganci shi ne tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, ba mai asid ba, a gauraya da ruwan sanyaya inji na jarka bisa gwargwadon da aka rubuta a jikinta. Durom kuwa ruwan sama da aka tace ya wadatar. Wajibi ne a ɓoye ruwan jarkar nan daga yara da dabbobi, domin yana da zaƙi, kuma guba ne mai lalata ƙoda.

Wannan tsari shi ne dai masu harhaɗa manyan kwamfutoci masu sanyaya da ruwa suke bi, waɗanda ke da ɗan lagireto da famfo da ma'ajiyar ruwa ta gilashi. Su ma sukan ga ragi a makon farko saboda iska, sannan wani ragi na sannu cikin watanni ko da babu yoyo, domin tiyon roba mai laushi yana fitar da danshi ta jikinsa kamar yadda randa ke tsatsafo. In suna tuhumar yoyo, sai su cire wuta daga komai ban da famfo, su naɗa farar takarda a kowace mahaɗa, su bar ruwa yana zagayawa yini da kwana, takardar da ta jiƙe ita ce mai nuna wurin. Ba sa barin famfo ya yi aiki a bushe, ba sa kuma haɗa jan ƙarfe da alminiyam a zagaye ɗaya, don ɗaya yana cin ɗaya. Ragin da ke tafiya daidai wata bayan wata ƙari ya ishe shi. Wanda ya ƙaru farat ɗaya kuwa, a kwamfuta ne ko a gidan niƙa, a kashe na'ura a sake bincike daga awo.