Darasi Na 17: Ɗaga Mota Don Gyara

A birnin Zariya, daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, akan ga masu gyaran mota a ƙofar gida. Wani yakan ɗaga mota da jak, ya shige ƙarƙashinta don juye baƙin mai. Wannan ganganci ne, gama jak yakan goce. Ƙaramar mota ta kai nauyin buhun masara 10. In ta faɗo wa mutum a ƙirji, sai wani ikon Allah.

Ga dabara. Nemi katako mai kauri, wanda ya fi taya faɗi. Yanka uku: dogo, matsakaici, gajere. Ɗora su kamar matakala, ka buga ƙusa. Yi biyu, kowace tayar gaba da nata. In gaban motar yana kusa da ƙasa, ƙara tsawon katakon, don hawan ya yi sauƙi, kada gaban ya bugu.

Ajiye su a ƙasa mai tauri, ban da gangare. Hau sannu sannu. Kashe inji, ja birkin hannu, sa weji bayan tayoyin baya. Girgiza motar. In ba ta motsa ba, sa'an nan ka shiga.

Tambayoyi
1. Don me ba a dogara da jak?
2. Ina ake sa weji?