Amsoshin Tambayoyinku: Rage Rassan Tumatir da Tara Masa Ƙasa

Wani mai sauraronmu daga Unguwar Lalle, ƙaramar hukumar Sabon Birni, yana tambaya ko rage wa tumatir rassa da tara masa ƙasa a gindi suna hana shi saurin lalacewa bayan tsinka.

Malam, suna taimakawa, domin wata ruɓewar da ake gani a kwando tun daga gona take farawa. Karan tumatir yakan fitar da sababbin saiwoyi duk inda ƙasa ta rufe shi, sai shukar ta tsaya da ƙarfi, 'ya'yanta su ɗaga daga laimar ban-ruwa. Tumatirin da ya kwanta a jiƙaƙƙiyar ƙasa kuwa, da tabonsa yake shiga kwando, ya ruɓar da na kusa da shi kafin mota ta isa Legas. Za ka ce rage rassa rage 'ya'ya ne. Haka ne, amma waɗanda suka saura sun fi girma, kuma iska ta fi ratsa shukar. Sai dai gajerun iri kamar Roma da UC82B ba sa son aski mai yawa. In ka tsiraita su, ranar Gobir za ta ƙona 'ya'yan. Cire ganyen ƙasa da tohon gindi kawai, da safe bayan raɓa ta bushe.