Resista ɗaya da Kawu ya so in canja

A hutun da ya wuce ina gida Kankiya, Kawuna ya aiko a kira ni. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 yake maganar motar lantarki, bana kuma ya sayo ta hannu. Da ita yake zuwa gonarsa ta Kusada. Matsalarsa ɗaya: wuta ba ta daɗewa a unguwar, kafin batir ya cika an ɗauke. Ya ce, "Kai da kake karatun lantarki, wani yaro ya ce min wani ɗan abu ake canjawa cikin kan kebul, sai caji ya yi sauri. Ka yi min."

Na ce, "Kawu, a ba ni kwana ɗaya in duba."

'Yan'uwa ɗalibai, yaron bai yi ƙarya ba. A cikin fulogin kebul irin na Type 2 akwai resista ƙarama, aikinta kawai ta sanar da iyakar abin da wayar za ta iya ɗauka. Om 1500 na nufin amp 13, om 680 amp 20, om 220 kuma amp 32. Akwatin cajin da ke jikin bango shi ma yana aiko da nasa saƙon, ita kuma mota tana da cajarta a ciki mai nata iyakar. Mafi ƙanƙanta cikin ukun nan shi ake bi. Na Kawu, akwati da mota duk suna iya amp 32, kebul ɗin ne ɗan 20, mai waya milimita 2.5. A kan bolt 230, kilowat 4.6 ke nan maimakon 7.4. Batir mai kilowat-awa 40 zai ci kusan awa tara, alhali da babban kebul biyar da rabi ta isa. Kun ga kwaɗayin.

To amma resistar ake canjawa, tagullar tana nan yadda take. Ku tuna abin da muka yi a ND 1: zafin waya yana tafiya ne da I²R. Daga 20 zuwa 32 wutar ta ƙaru da ninki 1.6, zafin kuwa ya haura ninki biyu da rabi, kuma awanni a jere, ba irin dutsen guga da ke kashe kansa ba. Ga zafin watan Afrilu a garinmu, ga kebul a naɗe cikin gareji. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne bireka. An sa ta ne daidai da akwatin, don haka amp 32 a wurinta lafiya lau ne. Roba na narkewa, ita ko a jikinta. Ɗakin yara kuma bango ɗaya ne da garejin.

Washegari na kai masa lissafin a takarda. Ya juya ta, ya ce, "Wato dai ba ka iya ba." Wallahi ta yi min ciwo, amma na yi shiru. Na nuna masa cewa kebul mai milimita 6 ake buƙata, sannan sai an duba wayar da ta taso daga mita zuwa gareji, da ayin gidan, domin ita ma siririya ce.

Sati biyu bai kula ni ba. Sai ran nan ga kira, wai yana Kano, in faɗa wa mai shago lambar da ke rubuce a takardar.