Tama, Gawayi da Riba: Darasi Daga Ƙasar Mubi

Maƙerin da ke ƙera fartanya a Lamorde, cikin garin Mubi, da tsohon sifirin mota yake aiki. Amma a arewacin Mubi, kan duwatsun Mandara, akwai Sukur ta Ƙaramar Hukumar Madagali, wadda a da take narka tama tana sayar wa ƙasashen da ke kewaye da ita ƙarfe. A shekarar 1999 hukumar UNESCO ta sanya Sukur cikin wuraren tarihi na duniya.

Tama ƙarfe ce da ta haɗu da iskar oksijin, aikin mai narkawa kuwa shi ne raba su. Mutanen Sukur sukan tace baƙin yashi daga rafuka, su zuba shi da gawayi cikin murhun yumɓu, a yi ta zuga. Iskar da gawayin ke fitarwa ita ke janye oksijin ɗin. Zafin irin wannan murhu yakan kai wajen digiri 1,200, alhali tsantsar ƙarfe ba ya zama ruwa sai a digiri 1,538. Saboda haka curi ake samu haɗe da datti, wanda sai an yi ta bugu kafin ya tsarkaka. Sinadarin kabon da ƙarfen ya sha daga gawayi shi ke ba shi tauri, amma idan ya haura kashi 2 cikin 100 sai ya zama mai saurin fashewa.

Wannan aiki yana cin gawayi mai yawa da ƙwadagon mutane masu yawa. Da tsofaffin ƙarafan motoci suka wadata a kasuwanni daga shekarun 1950, sai ƙarfen gida ya kasa gogayya da su wajen farashi. Murhunan suka mutu, alhali tamar ba ta ƙare ba.

Darasin bai tsaya a Sukur ba. Kamfanin ƙarafa na Ajaokuta, wanda aka kafa a 1979 don ya yi amfani da tamar Itakpe, har yau bai kunna babban murhunsa ba. Don haka ya kamata mai niyyar zuba jari a harkar ƙarfe ya fara lissafa kuɗin makamashi, da sufuri, da farashin abokin gogayya. Samuwar tama kaɗai ba ta kawo riba.